Katin Lopeti da Ɗakin Lupe

Akwai wani mutum a nan garin Griffith, ɗan ƙasar Tonga, Lopeti sunansa. Labarinsa zan ba ku yau, kuma ku yi haƙuri da ni, raina a ɓace yake. Sau uku ina rubutawa ina gogewa saboda zagin da ke fitowa.

Shekara shida yana zuwa tsinkar lemo da inabi yana komawa gida, kafin ya samu takardar zama ta dindindin. Ya ɗauko matarsa Seini da 'yarsu Lupe mai shekara bakwai. Shi ya kama aiki a kamfanin yankan kaji, layi ɗaya muke da shi. Ita kuma tana kula da tsofaffi a gidan jinya.

Ba rago ba ne, wannan kam zan shaide shi. Bakinsa ne matsalar.

A garejin Taniela suke zaune, ɗan wan babansa. Ƙofar garejin ba ta kai ƙasa ba, akwai rata wajen yatsu uku, kuma Lupe tana da asma. Sanyin bara sau biyu aka kwantar da ita a asibiti. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce yarinyar nan kada ta sake yin wani sanyin a ɗakin siminti.

Suna da ajiya, kuɗin shekara shida na hawa tsani, a asusun da ba a taɓawa sai su biyun sun sa hannu. Suka je wajen Rosetta, wata dattijuwa mai nemo wa mutane rancen sayen gida. Ta duba takardunsu ta ce:

"Ajiyarku ta kusa isa. Matsala ɗaya ce, banki bai san ku ba."

Lopeti ya bugi ƙirji. "Ni? Tunda aka haife ni ban taɓa cin bashin kowa ba!"

"Ai shi ne matsalar. Ba su taɓa ganin ka ci ka biya ba. Kowannenku ya karɓi ƙaramin katin bashi. Ku sha mai da shi, ku yi cefane, wata ya ƙare ku biya duka, kada ku makara ko kwana ɗaya. Sannan ku buɗe kunne: kada ku nemi komai a ko'ina har watan Mayu. Duk neman da kuka yi, an ba ku ko an hana ku, sai an rubuta shi a fayil ɗinku, kuma kowane banki yana gani."

Sau biyu ta faɗa. Seini har rubutawa ta yi.

Aka ba kowannensu kati mai iyakar dala dubu ɗaya. Wata bakwai komai yana tafiya daidai. Har gida suka samu a Yenda, wani ɗan gari kusa da mu, tsohon gida mai ɗaki uku da bishiyar lemon tsami a baya. Na wata tsohuwa ne da Seini ke jinya, 'ya'yanta suka ce saboda Seini za su jira har ƙarshen Mayu. Ranar da suka je dubawa, Lupe ta shiga ɗakin da rana ke faɗowa ta taga, ta kwanta a kan kafet ta ce wannan nata ne.

Sai misinale ya matso, babban baikon shekara na cocinsu, wanda ake kiran sunan kowane gida a faɗi abin da ya bayar.

Wata Asabar da yamma maza suna zaune a da'ira suna shan kava, abin shansu na gargajiya, sai wani mai bakin tsiya ya kira Lopeti da "toko", wato ɗan'uwa a yarensu, ya ce:

"Toko, bara dubu biyar aka kira wa Taniela. Kai bana nawa? Ko mazauna gareji ragi ake musu?"

Aka fashe da dariya. Wasa ne irin na kullum, kowa ana yi masa. Amma Lopeti ya cika ya batse, ya dire ƙoƙon kwakwar da ke hannunsa.

"Dubu shida. Daga aljihuna. Kuma kada wanda ya jefa min ko sisi a kwanona."

Kai jama'a! Kowa ya san idan an kira sunan gida, kwano ake zagayawa da shi, dangi da abokai su jefa. Dubu biyar ɗin Taniela, kuɗin gida tara ne. Lopeti ya sani sarai, shi ma ya jefa hamsin a ciki. Shi kansa Fasto kowace shekara sai ya ce kowa ya ba da daidai ƙarfinsa.

Taniela ya dafa shi. "Toko, janye maganar nan. Wasa ake."

"Don ina kwana a garejinka ba shi ne za ka faɗa min abin da zan ba Allah ba."

Mutumin da ko kuɗin wuta ba ya karɓa a hannunsa, shi ya faɗa wa haka a gaban mutane. Taniela ya koma ya zauna.

Washegari ya tunkari Seini da maganar ajiya. Tana ninke kayan Lupe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba zan sa hannu ba."

"Na riga na faɗa a gaban maza, Seini."

"To ka koma gaban mazan ka ce bakinka ne ya suɓuce. Ba za ka mutu ba."

"So kike a yi min dariya?"

"An yi maka jiya, ka mutu? Kuɗin nan na ƙirjin Lupe ne. Ka ba da ɗari uku kamar kowa, mu zagaya da kwano."

Ya fita ya buga ƙofa. Litinin ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tafi banki, ya ce a ɗaga masa iyakar katinsa zuwa dubu bakwai.

Ma'aikacin ya duba na'ura, ya ce masa cikin ladabi: "Yallaɓai, biyanka yana da kyau ƙwarai. Amma wata bakwai ne kacal. Ka cika shekara, ka zo da takardun albashinka, mu fara da ƙarin dubu ɗaya. Idan na tura yanzu hana ka za a yi, kuma zai zauna a fayil ɗinka."

"Wata bakwai? Shekara shida ina aika wa uwata kuɗi duk sati biyu, ban taɓa fashi ba! Na yi wa ƙannena uku kuɗin makaranta! Wannan ba tarihi ba ne?"

"Tarihi ne, yallaɓai. Amma ba ya cikin wanda muke gani."

A nan kam ni ma na ji masa ciwo. Gaskiyarsa ce. Mutum ya riƙe gida guda a bayansa tsawon shekaru, na'ura ta ce ba ta san shi ba. Abin da haushi. Amma haushi daban, hauka daban.

"Tura!" in ji Lopeti. "Ni na ce ka tura."

Aka tura. Aka hana shi.

Daga nan ya koma kan waya. Duk hutun cin abinci, muna zaune da farin takalmin roba da hular leda, shi yana gefe yana cike fom. Wannan banki ya ƙi, ya faɗa wancan. Wata rana na leƙa na ce, "Lopeti, ba an ce maka kowane nema ana rubutawa ba?"

Ya harare ni. "Kai ma ka zama banki? Fom ne kawai a waya. Wanda ya ƙi ni, shi ya sani."

Shi a tunaninsa kamar neman rance ne a ƙauyensu: ka je gidan kawu ya ce babu, ka wuce gidan gwaggo, ba wanda ya ji. Bai yarda cewa a nan duk littafi ɗaya suke dubawa ba.

Wuri bakwai cikin kwana tara. Shida suka hana shi. Na bakwai, wani kamfani da ko ofis ba shi da shi, ya ba shi kati mai iyakar dubu shida, da kuɗin ruwan da bai tsaya karantawa ba. Kwana uku yana zarya wajen na'urar cire kuɗi har ya kwashe su tas, tsaba. Ya ce min, yana washe baki, "Ka ga masu ganin darajar mutum."

Ranar misinale coci ya cika, kowa ya ɗaura 'yar tabarmarsa a ƙugu, shigar girmamawa a al'adarsu. Aka kira gidan Taniela, kwano ya zagaya, aka haɗa dubu biyu da ɗari uku, aka tafa. Aka kira gidan Lopeti. Gwaggonsa, yayar babansa, matar da a al'adarsu ko tsawa ba a yi a gabanta, ta taso da sandarta da dala hamsin a hannu. Lopeti ya sa tafin hannu ya rufe bakin kwanon.

"Bar shi, Gwaggo. Na gode."

Tsohuwar ta tsaya ta dube shi, ta mayar da kuɗinta cikin jaka, ta koma a hankali. Tir da wannan rana.

Ya zaro ambulan ya ajiye. Aka ƙirga, mai sanarwa ya ɗaga murya: "Gidan Lopeti, dala dubu shida!"

Wuri ya kaure da tafi, mata suka tashi da rawa. Seini kaɗai ba ta motsa ba. Ta san albashinsa, ta san ba ta sa hannu ba, don haka ta san daga inda kuɗin suka fito. Lahadin da ta biyo baya aka raba takardar jerin sunaye, nasa ne a sama. Ya karɓi kwafi huɗu.

Mayu ya kama, suka koma ofishin Rosetta. Ta buga fayil ɗin kowannensu ta ajiye a tebur. Na Seini layi ɗaya ne, wata tara, ba makara ko ɗaya. Na Lopeti ta bi da biro tana ƙirgawa a fili har bakwai. Ta cire tabarau.

"Me na ce maka?"

Ta ɗora biro a kan layukan ta ci gaba.

"Ka san yadda banki ke karanta wannan? Mutumin da wuta ta kama, yana buga kowace ƙofa a layi. Ga kuma dubu shida da ka kwashe tsaba, ruwa yana hawa tun ranar farko. Idan kun biya daga ajiya, ajiyar ba ta isa kuɗin farko ba. Idan ba ku biya ba, ba mai ba ku rance. Layukan nan bakwai kuwa shekara biyar suke zama. Ko da sa'a, sai an yi shekara kafin wani banki ya sake kallonka."

Seini ta ce, "A sa sunana ni kaɗai fa?"

"Na gwada tun jiya, 'yata. Fayil ɗinki fes yake. Yau kika nemi ƙari a katinki, sai sun ba ki. Amma albashinki shi kaɗai ba zai ɗauki gidan ba." Ta juya ga Lopeti. "Wata biyu ya rage maka. Wata biyu!"

Maimakon ya sunkuyar da kai, sai borin kunya. "To ai ba giya na sha da su ba. Allah na ba."

Seini ta juyo gaba ɗaya. Matar da ba a jin muryarta, ranar har na ofishin kusa sun ji.

"Allah ka ba? Allah yana buƙatar lasifika ne? Da Allah ka ba, da ka bar Gwaggo ta jefa hamsin ɗinta! Mazan kava ka ba, Lopeti. Ka sayi tafi na minti biyu da ɗakin 'yarka. Su waɗanda suka tafa ɗin, waye a cikinsu zai riƙe mata robar numfashi a asibiti? Faɗa min sunansa!"

Ya yi tsuru-tsuru yana kallon takalminsa.

'Ya'yan tsohuwar sun jira har ranar talatin da ɗaya, kamar yadda suka yi alkawari. Sati na gaba wasu suka saye gidan. Taniela, wanda aka ci wa mutunci, shi ne ya ce su ci gaba da zama, ya kuma kawo musu na'urar ɗumama ɗakinsa.

Ran Asabar ta farko a watan Yuni, lokacin da sanyi ke kamawa a nan, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Da safe Lupe tana zaune a kan katifa cikin bargo biyu, tana tari irin mai fito. Lopeti ya durƙusa yana girgiza mata maganin shaƙa. Da numfashinta ya ɗan daidaita sai ta ce:

"Baba, yaushe za mu koma ɗakina mai rana?"

Ya kau da kai, ya gyara mata bargo.

Iska tana shigowa ta ƙasan ƙofa. Tawul ɗin da suke tushewa da shi bai kai ƙarshen ratar ba. Seini ta duba ko'ina ba ta ga tsumma ba. Sai ta miƙa hannu kan firij, ta ɗauko takardun nan huɗu masu sunansa a sama, ta ninke su, ta durƙusa ta cusa a ramin.

Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. "To, ga amfaninsu," in ji ta.

Lopeti ya zauna a kan siminti ya rufe fuska da hannu biyu. Lupe ta ci gaba da tari.

Darasi: Idan tarihin katinka gajere ne, ba a tsawaita shi da fushi ko da buga ƙofar kowane banki. Ka biya a kan lokaci, ka jira, ka nema sau ɗaya a inda suka san ka, kuma iya abin da za ka iya biya. Kada ka taɓa cin bashi don a tafa maka, domin masu tafi gida za su tafi, iyalinka ne za su kwana da bashin. Ku tura wa duk wanda kuka san ya karɓi sabon kati, musamman mai saurin cika baki a gaban abokai, tun kafin ya cike fom na biyu.