Safa Mai Jan Dunduniya

Akwai wani saurayi soja mai suna Corbin, wanda ya dawo garinsu, Harlow Creek, bayan shekara huɗu rabonsa da gida. Hutun kwana goma aka ba shi, daga nan ya koma fagen fama.

Garin bai jira shi ba. Masana'antar taya da babansa ya yi wa aiki shekara talatin an rufe ta, ciyawa ta cinye harabar. Shagon aski ya koma na gyaran waya. Karensu ya mutu, ba wanda ya gaya masa. An kuma kafa danja a mararrabar gaban gidan waya, a garin da a da ko mota uku ba sa haɗuwa lokaci guda.

Amma ba abin da ya ɗaure masa kai kamar ranar Asabar.

Duk Asabar da safe iyayensa kan shiga mota ɗaya su nufi mararrabar. Babansa, Wendell, sai ya ɗauki tutarsa ya tsaya gefen gidan mai, cikin masu cewa suna bayan sojojinsu. Mamarsa, Loretta, ta ɗauki kwalinta ta tsallaka gefen gidan waya, cikin masu cewa a tsayar da yaƙin. Awa biyu suna kallon juna ta tsakanin motoci. Sha biyu na yi, su naɗe kaya, su koma mota ɗaya, su biya sayen madara.

Corbin ya san labarin kwalin nan tun yana can. Shekara biyu da suka wuce wani ɗan ajinsu ya tura masa hoton mamarsa riƙe da shi. A satin ne kuma aka kashe amininsa Ortega. Cikin zafin zuciya ya rubuta mata layi biyu: kada ta sake aiko masa da komai, duk abin da ya zo da sunanta zai mayar. Tun daga ranar bai ƙara ce mata uffan ba.

Ko yanzu da ya dawo, maganarsu ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi".

A jikin bishiyar ƙofar gida akwai ƙyalle ruwan ɗorawa da ta ɗaura ranar da ya tafi, wanda sai wanda aka ɗaura dominsa ne ke kwancewa idan ya dawo. Rana da ruwa sun ci shi har ya koma fari.

"Ba ka kwance ƙyallenka ba," in ji ta, tana zuba masa kofi.

"Ba ni na ɗaura ba."

Ta ajiye butar.

Ranar Asabar ya saka kakinsa, ya tsaya kusa da babansa, inda za ta gan shi da kyau. Mutane suka yi ta zuwa suna miƙa masa hannu. "Mun gode da hidimarka, yaro." Shi kuwa sai dai ya gyaɗa kai.

Wani tsoho mai suna Dub, abokin babansa, ya haɗa hannu a baki ya ƙwala kira zuwa ɗaya gefen. "Loretta! Kin ga ɗanki? Shi ya san inda hankali yake!"

"Dub, ka gyara tutarka, a juye ka riƙe ta!" wata mata ta mayar masa. Dub ya duba da sauri, aka bushe da dariya a gefe biyun.

Corbin bai yi dariya ba. Idonsa na kan wani dattijo a keken guragu, kusa da mamarsa, da hular tsofaffin sojoji a kansa.

"Baba, wancan ba soja ba ne?"

"Soja ne. A wani yaƙin ya baro ƙafarsa."

"To me yake yi a can?"

Wendell ya ɗaga kafaɗa. Daidai nan wani saurayi da bai taɓa riƙe bindiga ba ya dafa Corbin ya ce, "Ku gama da su duka, kada ku bar ko ɗaya." Corbin ya zame kafaɗarsa. Da wani zai tsayar da shi ya tambaye shi ra'ayinsa kan yaƙin, shi kansa bai san me zai ce ba. Yakan ji a zuciyarsa dole a ƙarasa, don kada jinin Ortega ya tafi a banza. Wata rana kuma ya tashi ya rasa me ake ƙarasawa.

Don ya kawar da tunanin, sai ya nufi Misis Purdy, wadda ke shirya akwatunan da 'yan gefen babansa ke aika wa sojoji duk wata.

"Na zo in yi miki godiya," in ji shi. "Alewa da katuna mun gode, amma safar nan ta ulu ita ce magana. Sanyin can yana cin yatsu. Duk 'yan rukuninmu ita muke sawa."

Ya ɗaga ƙafar wandonsa, ya zame takalmi, ya nuna mata. Safa ce ruwan toka, dunduniyarta ja. A kowane akwati akan sami guda mai jan dunduniya, kuma kullum ita ke yi masa daidai.

Misis Purdy ta kalli safar, ta kalle shi, ta fashe da dariya. "Ni? Yaro, ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba. Babanka ke kawo su a leda duk Juma'a."

Corbin ya juya. "Baba, kai ke saƙa?"

"Wendell?" Dub ya riƙe ciki. "Da hannuwan nan kamar tayar tarakta?"

Wendell ya sunkuyar da kai yana murza sandar tuta. "Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa ba," in ji shi a hankali. "Kai ka ce duk abin da ya zo da sunanta za ka mayar. Sai ta cire sunan. Ita ke saƙawa, ni nake kaiwa."

"Jan zaren fa?"

"Haba, Corbin. Tun kana ƙarami take sa wa safarka jan zare, don kada ta haɗu da tawa a wanki. Kullum tana tambayata ko ka gane. Ni kuma in ce mata wataƙila."

Corbin ya tura ƙafarsa cikin takalmin, bai ko ɗaure igiya ba, ya sauka kan titi. Bai kai rabi ba danja ta canza. Motoci suka taso ta gaba da ta baya, ya maƙale a kan layin tsakiya, cikin kaki, ba gaba ba baya. Direbobi suka yi ta danna masa oda. A mararrabar nan kuwa oda alamar goyon baya ce, don haka masu tuta suka ɗauki tafi, masu kwali ma suka ɗauki tafi, kowa na ganin tasa aka yi. Shi kaɗai ya san cewa ake yi ya kauce.

Da ya isa, mamarsa ta sauke kwalin, amma ba ta ɓoye shi ba.

"Igiyar takalminka," in ji ta. "Za ka faɗi."

"Mama, ki gaya min abu ɗaya. Idan yaƙin banza ne, Ortega fa? A banza ya mutu kenan?"

Idonta ya kawo ruwa. "Ban sani ba, ɗana. Da na sani da na gaya maka."

"To ta yaya za ki tsani abin da nake yi, kuma ki ce kina bayana?"

"Ba kai ka fara yaƙin ba. Inda aka tura ƙafafun nan na tsana. Ƙafafun kuwa ni na haife su." Ta nuna ɗaya gefen da haɓa. "Babanka tsoro yake ku dawo a juya muku baya. Ni tsoro nake ku dawo a akwati. Shi ya sa ba mu taɓa zuwa a mota biyu ba."

Corbin ya dubi takalminsa. Amsar ba ta warware masa komai game da yaƙin ba. Ya durƙusa zai ɗaure igiya, sai ya ji hannunta a kan ƙeyarsa, ya kasa tashi da wuri.

Kwanakin suka wuce kamar an kore su. Asabar ta zagayo, ranar tafiya. Yana haɗa jaka mamarsa ta shigo da safa uku, ta ajiye a kan gado. A jikin ledar ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe.

Ya fita ƙofar gida da wuƙa, don ƙullin ya ƙi kwantuwa da hannu. Ya yanke tsohon ƙyallen, ya cusa a aljihun kaki. Sannan mamarsa ta kawo sabon ƙyalle, ya riƙe mata shi da yatsa yayin da take ƙullawa.

Wendell ya buɗe bayan mota. Tuta na kwance a dama, kwali a hagu.

"Soja, bas ɗin da za ka hau a mararraba yake tsayawa," in ji shi. "Wane gefe za mu sauke ka?"

Corbin ya ɗaga jakarsa ya ajiye ta a tsakaninsu.

"Ban sani ba, Baba. Ku dai tsaya inda zan hango ku ku biyu ta taga."

Darasi: Wanda ya ƙi yaƙi ba lallai ne ya ƙi soja ba, wanda kuma ya ɗaga tuta ba lallai ne yana son a zubar da jini ba. Kada ka yanke wa naka hukunci da abin da ke rubuce a kwalinsa kafin ka duba abin da hannunsa ke yi maka a ɓoye. Ku tura wa wanda siyasa ta raba shi da na gidansu, ko ya ɗaga waya yau.