Radim da Duron Kumfa

Akwai wani mutum a ƙauyenmu, Radim, wanda ko shayi ba ya iya jira ya huce.

Surukinsa, Baba Bohumil, ya yi shekara talatin yana aiki a kamfanin giya. Yana da tukunyar jan ƙarfe ta dafa giya, wadda Radim ke mafarkin gada. Tsoho ya ce: "Ka haɗa giyar bikin cikata shekara saba'in. In ta yi daɗi, tukunya taka ce."

Giya ta nuna, Radim ya juye ta a duron ƙarfe. Saura a ɗura mata gas, iskar da ke sa giya kumfa. Matarsa Zdenka ta ce: "Ka kai ta ɗakin ƙasa ta yi sanyi, ka buɗe gas kaɗan, ka manta da ita mako guda. Haka Baba ke yi."

"Baba, Baba! Ni a intanet na koya, Zdenka."

Ya kai ta ɗakin, amma ya kasa mantawa. Safe ya sauka ya ɗanɗana, rana ya sauka ya ƙwanƙwasa. Ana gobe biki ya ji kamar ba ta yi ƙarfi ba. Sai ya murɗe gas har ƙarshe, ya kwantar da duro, ya dinga gangara shi da ƙafa don gas ya shige ta da sauri, yana gumi.

Zdenka ta leƙo: "Radim, ƙwallo kake yi ko giya?"

"Mace, ki kula da burodinki!"

Ranar biki ya ajiye duro a lambu, cikin rana, don kowa ya gani. Baƙi suka yi layi da kofuna. Baba ne a gaba.

Radim ya gyara wuyan riga, ya buɗe famfo.

Fuuuu! Kumfa ta yi tsalle ta wanke Baba daga gashin baki har takalmi. Kofi na biyu kumfa. Na goma kumfa.

Wani ya ɗaga murya: "Radim, miƙo reza mu yi aski!"

Baba ya share fuska a hankali. Ya rufe gas, ya saki iskar duro, ya sa aka tsoma shi cikin baho mai ƙanƙara. "Wanda ya taɓa shi kafin ƙarfe biyar, ni da shi."

Baƙi suka ci nama da ruwan lemo. Radim sai zagaye baho yake yi yana duba agogo.

Biyar na bugawa Baba ya ce: "Zdenka, zuba."

Ta karkata kofi, ta zuba a nutse. Baba ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Giyar ba laifi, ɗana."

Radim ya washe baki. "To, tukunyar fa, Baba?"

"Ta Zdenka ce. Kai za ka riƙa wanke mata."

Darasi: Abin da ke buƙatar mako guda, ka ba shi makonsa, kuma ka saurari na kusa da kai. Ku tura wa wannan abokin naku mai gaggawa, kun san shi.