Kayan da Suka Koma Cikin Kura

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso mu sha labari!

Wata rana Kunkuru ya loda kwandon bandar kifi a kwalekwale zai kai sunan jikarsa. Kura ta ce za ta taya shi tuƙi. Suna cikin tafiya sai rafin ya ƙare a kan yashi.

Kunkuru ya ce, "Yaya Kura, a nan sauke kaya ake yi, a ɗauki jirgi zuwa wancan rafin, a dawo a kwashi kayan."

Kura ta ce, "Sawu biyu? Allah ya kiyaye! Bari in rage mana aiki."

Kafin ya buɗe baki ta cinye kifin tas, har da kwandon ta lashe. Ta ɗora jirgi a ka, Kunkuru na biye yana haɗiye takaici.

Da suka isa rafin ta sauke jirgi ta faɗa cikinsa, sai ya kafe a laka kusa da wani tsibiri.

Ta ce, "Yaya haka? Ba na rage kayan ba?"

Kunkuru ya ce, "Suna nan, Yaya, cikinki suka koma. Sai a sauke su a tsibirin nan."

Kura ta sauka tana nishi. Jirgi ya taso, Kunkuru ya kafa gora ya tura.

Ta ƙwala ihu, "Kai Kunkuru, ka manta da ni!"

Ya ce, "Ikon Allah! Tun da nake tuƙi ban taɓa jin kaya sun yi magana ba."

Ƙurunƙus kan tarwaɗa!