Farin Zare a Littafin Kaka Leung

Ƙawata Suk-han, kin tambaye ni abin da ya sa na hana a zubar da tsofaffin littattafan majami'a. Ga dalilin.

Shekaru da yawa da suka wuce, akwai wani matashi, Mak Yiu-tong, da ya dawo ikilisiyarmu ta Lutheran a nan yankin Kowloon bayan ya gama karatun kiɗa. Aka ba shi shugabancin mawaƙa da kula da kayan sujada. Hannunsa a kan piyano, sai wanda ya ji. Kuma shi ma ya san haka.

Da sabon littafin waƙoƙi ya iso, ya duba tsofaffin, duk sun yi baƙi da maiƙon hannu, ga zaruruwa suna lilo a jikinsu. Ya tattara su ya ba masu kwasar takarda, bai shawarci kowa ba.

Abin da bai sani ba, iyayenmu mata da yawa ba su yi makaranta ba. Da zaren da suka ɗaura a shafi suke gane waƙa. Ni kaina a cikin littafin nan na koyi karatu, ina bin baƙi da yatsa. Kuma ke kin san tsoho a wurinmu ba ya ambaton mutuwarsa da baki. Sai dai ya ɗaura farin zare a shafin waƙar da yake so a yi masa ranar jana'iza, ya mayar da littafin ƙarƙashin bencinsa. In ya rasu, a buɗe a gani.

Ranar Lahadi, ana saura kwana uku sabuwar shekara, wata tsohuwa mai sayar da ganye, Kaka Leung, ta laluba ƙarƙashin benci ta ji littafi mai santsi. Ta dogara sandarta har gaban piyano.

"Ɗan nan, ina nawa?"

"Ga sabo can, Kaka. Har ƙamshi yake."

"Ƙamshi zan rera? Nawa nake nema, mai zare."

"Wancan ai ko kyankyasai sun ƙoshi da shi," in ji shi, 'yan mawaƙa suka tuntsire da dariya.

Wata a cikinsu ta raɗa masa maganar farin zaren. Ya ɗaga murya, don a tunaninsa duk tsoho kurma ne: "To Kaka, wace waƙa kike so ranar da kika mutu? Faɗi in rubuta."

Tsohuwa ta tofar da yawu gefe. "Tir da bakinka! A bakin sabuwar shekara? Uwarka ba ta koya maka komai ba?"

Ta juya za ta tafi, sai kuma ta tsaya. Da alama ta auna ta ga ba wata hanya. Ta matso, ta sunkuyar da kai, ta fara rera sautin waƙar a hankali, ba kalmomi. Sauti huɗu ta yi, ƙararrawa ta kaɗa.

"Bari a tashi sujada, Kaka," ya ce, yana buɗe piyano.

Da aka tashi, ya shiga gwaji da mawaƙa. Ta jira, ta gaji, ta tafi. Ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Bayan wata biyu Ubangiji ya kira ta. 'Yarta Fung-kiu ta zo ta ce, "Malam Mak, Mama ta ce komai yana cikin littafinta."

Ya ruga wurin masu takarda, aka ce tuni an niƙe. Ya zauna da sautin nan huɗu, ya bi sabon littafi shafi-shafi. Waƙa bakwai ya samu da suke farawa haka. Ya tambayi ƙawayen Kaka Leung, kowace ta ce ba ta taɓa leƙa zaren wata ba.

Ranar jana'iza ya zaɓi ɗaya daga cikin bakwai ɗin. Fung-kiu ta riƙe hannunsa tana kuka: "Ita ce ko?"

Ya ce, "Ban sani ba."

Yau kansa ya yi furfura. Wani lokaci in majami'a ta watse, sai ki ji ya danna sauti huɗu, ya tsaya.

Darasi: Wanda aka ba riƙon kayan gidan Allah, mutanen da ke riƙe da kayan aka ba shi amana. Kafin ka zubar, ka tambaya. In tsoho ya buɗe baki, ka bar ƙararrawa ta jira.

Ki isar da darasin ga duk wanda kika ga dama, amma sunayen nan, don Allah kada ki gaya wa kowa. Har yanzu benci ɗaya nake zama da matar Malam Mak.