Zoben da Ke Gindin Ɗorawa

A wani ƙauye da ke bakin kurmi an yi wani manomi mai suna Dogara. Kurmin na gari ne baki ɗaya, dokarsa kuma tun kakanni ɗaya ce: busasshen itace na kowa ne, ɗanye kuwa ba a sa masa gatari. Akwai wani tsoho, Sarkin Daji, shi yake duba itace kafin a sare. A cikin kurmin akwai wata babbar ɗorawa da gari ya bar wa gidan Dogara 'ya'yanta. Da kalwarta matarsa Rifkatu take yin daddawa, daddawar nan ce kuma take riƙe gidan idan rumbu ya yi ƙasa.

Sai birni ya yi ta girma har ya matso. Masu sayen gawayi suka fara zuwa da manyan motoci, suna neman gawayin kirya ido rufe. Ba a jima ba busassun itatuwa suka ƙare.

Dogara kuwa mutum ne mai gudun a ce ya karya doka, amma bai damu da Mai ganin abin da ke ɓoye ba. Sai ya sami dabara. Ya je wurin wata kirya ɗanya shar, ya sassaƙe ɓawonta a kewaye can ƙasa wajen gindi, kamar zobe, ya shafe wurin da laka. Kiryar ta ci gaba da tsayuwa da ganyenta. Da rani ya yi, ta bushe ƙayau. Sarkin Daji ya zo ya ɗaga kai, ya ga rassa ba ganye, ya ba shi izini.

Haka Dogara ya yi ta yi, ranar Lahadi kuma ya zauna a bencin gaba a majami'a da zuciya a kwance. Amma maƙwabta ba makafi ba ne. Suka lura itace ba ya bushewa sai inda Dogara ya bi, suka bi sawunsa, suka koyi aikin. Ba wanda ya tona wani, gama kowa yana da buhun da ke jiran mota.

Wata rana da damina Rifkatu ta dawo daga kurmi, ta ce ta ga laka a gindin ɗorawarsu, ko yara ne suka yi wasa. Dogara bai tsaya saka takalmi ba. Ya je ya kankare lakar da hannunsa, ya tarar zoben ya kewaye gindin, bai bar ko yatsa ɗaya ba. Ya kira Sarkin Daji yana kuka, ya ce matarsa ta ga laka, ga shi an kashe masa ɗorawa.

Tsohon ya durƙusa ya shafa wurin. Sa'an nan ya ce, "Duk shekarun nan sama nake dubawa. Amma ɗana, kai da ka ji an ce laka, yaya ka san abin da ke ƙarƙashinta?"

Dogara ya juya ya koma gida. Dukan daminar nan yana wucewa ta gaban ɗorawar, tana nan kore shar, ya kuwa san ta riga ta mutu.

Ga abin da misalin nan yake koya mana, 'yan'uwa. Kurmin shi ne duk abin da Allah ya ba mu amanarsa tare: daji, rafi, ikkilisiya, sunan ɗan'uwanka. Zoben shi ne zunubin da muke yi da wayo, mu shafe da laka, don kada a kama mu da karya umarni. Mutum yakan ce, "Ni ban yi ƙarya ba, shiru kawai na yi." Wani ya ce, "Ni ban sare ba, a bushe na same shi." Ubangiji ba ya tsayawa a kan ganye, gindi yake dubawa. Ka kuma sani, akwai masu kallonka suna koyo, ba za su tambaye ka wane itace ne naka ba. In akwai laka a hannunka yau, ka tuba tun ba a kai ga ɗorawar gidanka ba.