Mutumin da Ya Tsige Ganyen Kabewarsa

Akwai wani mutum da shi da ƙanensa suka gaji fili ɗaya a bayan gari, suka raba shi biyu. Kowace damina su biyun suna shuka kabewa. In kaka ta yi, ranar godiya, kowa yakan ɗauki mafi kyau a cikin amfaninsa ya kai gaban ikilisiya.

Shekarar da ta wuce, kabewar ƙanen sai da mutum biyu suka kama ta. Mata suka yi guɗa. Wan kuwa ya ajiye tasa a gefe, ba wanda ya waiwaya. Tun daga ranar abin yake cinsa a rai, har ya rantse bana tasa ce za a yi wa guɗa.

Da ruwa ya zauna, gonarsa ta yi kyau, ganye ya baje kamar faifai, 'ya'ya suka fara fitowa a ƙarƙashi. Amma kullum idonsa yana tsallake iyaka. In ya ji masu wucewa sun ce wa ƙanen, "Sannu da aiki, bana ma Allah ya yi albarka," sai ya rasa sukuni.

Wata safiya ya tsaya ya ce a ransa, "Wannan ganye ba ya shiga rumbu, ba a kai shi gaban ikilisiya. Takin da na zuba shi yake shanyewa, ga shi kuma ya ɓoye 'ya'yan, ba mai ganinsu." Sai ya sunkuya ya bi yaɗo yana tsigewa, har ya tara tuli ya kai wa awaki.

Matarsa ta kawo masa kunu, ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Maigida, fara ce ta sauka?"

Ya ce, "Ni ne. Ki zuba ido ki gani."

Kwana kaɗan mutane suka riƙa tsayawa suna ƙirga 'ya'yan kabewarsa, yana jin daɗi. Daga nan girma ya tsaya. Rana ta ƙone bayansu, waɗansu suka yanƙwane, waɗansu suka ruɓe. Ya ƙara taki, ya ɗebo ruwa daga rafi, a banza.

Ƙanen ya tsallako ya same shi zaune a kan kunya. Ya tsinko ganye ɗaya daga nasa gefen, ya ɗaga shi sama.

Ya ce, "Yaya, dubi faɗinsa, don ya tari rana ne. Dubi rashin kaurinsa, haske har ratsa shi yake yi. Waɗannan jijiyoyi su ke kawo ruwa daga saiwa, a bayansa kuma akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iska take shiga. Koren nan shi ke kama haske, ya haɗa ruwa da iska su zama abinci mai zaƙi, ya aika wa ɗan kabewa. Ganye shi ne madafar shuka."

Matar wan, da take tsaye a gefe, ta ce wa mijinta, "To ka ji. Murhun ka rushe, kana zaune kana jiran tuwo."

Ƙanen ya ce, "Ka zaɓi ɗaya a nawa ka kai ranar godiya. Ƙasar babanmu ce duka."

Wan ya girgiza kai. Bai karɓa ba. Ranar godiya ya ɗauki 'yar kabewarsa da ba ta fi tafin hannu ba, ya ajiye ta kusa da ta ƙanensa, ya koma ya zauna kansa a sunkuye.

Ga ma'anar wannan misali, ya ku 'yan'uwa. Hasken rana shi ne Ubangiji. Ganye kuwa shi ne addu'a a ɗaka, da sauraron Maganar Allah, da hidimar da ba mai yi mata guɗa. Ta nan ne rai yake karɓar haske ya ba da 'ya'ya. Mai kishi yana so a ga 'ya'yansa, sai ya yar da abin da yake ciyar da su. Ƙanen bai taɓa gonar wansa ba. Hannun mai gonar ne ya tsige ta. Saboda haka in an yabi ɗan'uwanka a gabanka, ka ji zuciyarka ta yi zafi, kada ka kai hannu ga ganyenka. Ka bar shi ya fuskanci rana.