Kunnen Ɗanliti da Hannun Malam Ilu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, ana ce masa Malam Ilu mai rediyo. Shekara da shekaru yana rumfa ɗaya a bakin kasuwa, da mitarsa ta auna wuta da ƙarfensa na narka dalma, yana ta da rediyoyin da suka mutu. To, ku saurara. Da tsufa ya zo, sai Allah ya jarrabe shi daidai inda abincinsa yake: kunnensa ya yi nauyi. Bai gaya wa kowa ba. Ya koma lura da leɓen mutane, in kuma ya gama gyara sai ya ɗora yatsa a kan takardar lasifika. In ta yi rawa, ya san magana na fita. A rediyo wannan dabara ta wadatar, ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Ran nan wani magidanci, Tanimu, ya turo tsohuwar na'urar gem a kura. Matasan cikinku ba su san ta ba. Doguwa ce kamar firji, da talabijin a gabanta, ana jefa mata kwabo a harbi jirage. Kar wani ya fita ya ce malam ya koma tallar gem, ba can na dosa ba.

Tanimu ya ce, "Baba Ilu, ta yayana ce, Ɗanliti. Da gidan gem gare shi, ciwon ido ya makantar da shi, aka sayar da komai ban da wannan. Da kunne yake buga ta. Yanzu ta yi shiru, shi ma ya yi shiru. Ko abinci sai an yi da gaske."

Malam Ilu ya buɗe bayanta, ya zaro fanel, wato allon nan mai ƙananan kaya da ke cikinta. Ya karkaɗe ƙasa da kashin ɓera. Ya bi hanyar sauti da mita, a hankali, tun daga bakin lasifika yana komawa baya. Ya tarar wasu kafasito, 'yan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, sun bushe sun kumbura, ya sake su. Ya ga dalma ta tsage a ƙafar abin ƙara murya, ya sake narka ta. Ya kunna, ya ɗora yatsa, takarda ta yi rawa.

Da Tanimu ya dawo aka kunna masa. Maƙwabtan rumfa suka taru suna kallo. Tanimu ya washe baki, ya ce, "Alhamdu lillahi, ta tashi. A ɗora min a kura."

Ku saurara da kyau, nan jarrabawar take. Malam Ilu ya san abin da Tanimu bai sani ba. Rediyo murya ɗaya gare ta. Wannan na'ura kuwa muryoyinta da yawa, kowace da hanyarta a kan allon: ta kiɗa daban, ta harbi daban, ta gargaɗi daban. Yatsa yana gaya maka akwai ƙara, amma ba ya gaya maka wacce ta ɓace. In ya yi shiru, an rabu lafiya, asirinsa a rufe. In ya yi magana, ga kasuwa a tsaye, kuma wa zai ƙara kai rediyo wurin wanda ba ya ji? Wallahi ina tausayin tsohon nan a wannan tsayuwa.

Ya share hannunsa da tsumma, ya ce, "Tanimu, dakata. Ni kunnena ya daɗe da yin nauyi. Na san tana ƙara, ban san ko ƙarar daidai take ba. Yayanka da ita yake gani. Ba zan ce maka na gama ba sai shi ya ji."

Wani tela a gefe ya ce ƙasa-ƙasa, "Ashe shi ya sa." Malam Ilu ya ga leɓensa, ya gane. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya bi bayan kura.

A zauren gidan su Tanimu aka kunna. Ɗanliti ya lalubo sandar wasan, ya karkata kai. Jim kaɗan aka harbo jirginsa. Ya sake, aka sake harbo shi. Ya ce, "Malam, kiɗa ya dawo, harbi ya dawo. Amma akwai ɗan siririn kuka da take yi kafin babban jirgi ya sauko. Shi nake jira in kauce. Babu shi."

Tanimu ya maimaita wa Malam Ilu a bakin kunne. Tsoho ya durƙusa, ya bi allon layi-layi, sai ga wani siririn layin tagulla da tsatsa ta cinye. Ya haɗa shi da 'yar waya. Aka kunna. Ɗanliti ya yi tsai, can sai ya fizgi sandar zuwa hagu, jirginsa ya tsira. Hawaye na zuba daga idanun da ba sa gani, ya ce, "Shi ne. Tanimu, a kawo mana tuwo, ni da Malam."

Ba zan yi muku ƙarya ba, Malam Ilu ya rasa masu kawo aiki, wasu ba su dawo ba har ya rasu. Amma tun daga lokacin, kullum da safe Tanimu kan kawo yayansa rumfar, ya zauna a benci. Malam Ilu ya gyara, Ɗanliti ya saurara ya ce ta yi ko ba ta yi ba.

Jama'a, gaskiya ba ta tsaya ga kada ka faɗi ƙarya ba. Har da faɗin iyakar saninka, ko da mai aikin ya gamsu, ko da faɗin zai rage maka daraja. Kai makaniki, kai mai ba da magani, ni kaina da ke kan wannan buzu, sau nawa muke cewa "an gama" alhali yatsa kawai muka ɗora? A bayan kowane aiki da ka sallama akwai wani Ɗanliti da ke zaune yana jira, ya dogara da kai, kuma ba ya ganin abin da ka yi. Allah Yana gani. Allah Ya ba mu ƙarfin cewa "nan sanina ya tsaya."